MAN SANYAYA ƘWAƘWALWAR KWAMFUTA: ZAƁENSA DA YADDA AKE SHAFA SHI

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan a kan kwamfuta. Wannan ya sa kwamfutar makaranta ta zama kayan aikin da ɗalibi ba zai yi ba sai da shi. A garuruwa irin su Zakka da ke Ƙaramar Hukumar Safana, da ƙauyukan Batsari, duk kwamfutar da ta lalace sai an kai ta Dutsin-Ma ko Katsina wajen mai gyara. Saboda haka ya kamata malami ya san wasu ƙananan gyare-gyare. Wannan darasi zai yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, wato man da ke taimaka wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta huce.

2.0 Aikin Man Sanyaya

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira furosesa, tana fitar da zafi muddin tana aiki. Domin haka ake ɗora mata wani ƙarfe na tagulla ko alminiyom da ke zuƙe zafin, sannan fanka ta kore shi waje. Fuskokin nan biyu suna da santsi a ido, amma suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki. Iska kuwa ba ta iya ɗaukar zafi sosai: tagulla ta fi ta wajen wannan aiki fiye da sau 10,000. Aikin man shi ne ya cike ramukan ya kori iskar. Ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kai ƙarfe ba. Ke nan idan ya yi kauri, sai ya koma shinge tsakanin ƙarafan.

3.0 Alamomin Bushewarsa

A yammacin Jihar Katsina zafin bazara kan kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu kuma kan toshe hanyoyin iska. Idan man ya bushe ya tsattsage, za a ji fanka tana ƙara ba tsayawa, aiki ya yi nauyi, ko kwamfutar ta mutu da kanta. Dalili shi ne, yawancin furosesa na rage gudu idan zafinta ya kusa digiri 95 zuwa 100, don kada ta ƙone. Sai dai kafin a zargi man, a fara kakkaɓe ƙurar fanka, domin sau da yawa ita ce matsalar.

4.0 Zaɓen Man

Ana iya kasa man zuwa gida uku:

i. Mai haɗin silikon da garin sinadarai irin su zinki, fari ko ruwan toka. Ba ya ɗaukar lantarki, yana da araha, kuma shi ya fi dacewa da makaranta.
ii. Mai haɗin garin azurfa, kamar Arctic Silver 5. Yana aiki sosai, amma ana gudun ya taɓa siraran hanyoyin lantarki na allon kwamfutar.
iii. Ruwan ƙarfe na sinadarin galiyom. Ya fi sauran ɗaukar zafi, sai dai yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyom. Wannan na ƙwararru ne.

Ana samun man a cikin sirinji ko ƙaramin kwalabe a shagunan kayan kwamfuta, kamar na titin Beirut a Kano. A guji wanda ya daskare ko ya tsinke. Haka kuma man goge haƙora da basilin ba su maye gurbinsa: na farko yakan bushe, na biyu yakan narke.

5.0 Yadda Ake Shafawa

i. A kashe kwamfutar, a zare waya, a cire batir idan ta tafi-da-gidanka ce.
ii. A taɓa wani ƙarfe da hannu don sauke lantarkin jiki.
iii. A kwance ƙarfen zuƙe zafi, a ɗan murza shi a hankali kafin a ɗaga.
iv. A goge tsohon man daga fuskokin biyu da tsumma mai tsabta da sifirit, a bari su bushe.
v. A ɗiga man a tsakiyar furosesa gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake. A kwamfutar tafi-da-gidanka a rage, a baza shi siriri ya rufe fuskar duka.
vi. A mayar da ƙarfen sau ɗaya, a ɗaure sukurori kaɗan-kaɗan, daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Idan an sake ɗaga shi, sai a goge a soma daga farko.
vii. A jona wayar fanka kafin a rufe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa man sanyaya cike gurbin iska kawai yake yi, don haka kaɗan ake buƙata. Malami ya nemi izinin shugaban makaranta kafin ya buɗe kwamfuta, kada kuma ya taɓa wadda garantinta bai ƙare ba. Ya rubuta ranar da aka canza man a littafin kayan makaranta, domin wanda zai gaje shi ya san inda aka tsaya.

Auna Fahimta

1. Me ya sa yawan man ke ƙara zafi maimakon rage shi?
2. Wane nau'in man ya fi dacewa da makaranta, kuma don me?