Juyen Baƙin Man Babur A Gida: Jan Hankali Ga Mutanen Fadamar Haɗeja

A ƙasar Haɗeja babur ya zama jakin zamani. Shi ke fito da buhun shinkafa daga gona zuwa bakin titi, shi ke ɗauko kifi daga Guri da Kirikasamma zuwa kasuwar kifi ta Haɗeja, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Tun daga shekarar 2023, da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin babur da na kayan gyaransa suka yi tashin gwauron zabi. Wanda injinsa ya buga a yau, yana iya sayar da akuya biyu bai gama biyan gyara ba.

Sau da yawa ba tsufa ke kashe inji a wannan yanki ba. Ruwa da ƙura ne ke shiga cikin baƙin mai su ɓata shi, mai babur bai sani ba. Alhali duba mai da juye shi aiki ne da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa cikin rabin sa'a.

AIKIN BAƘIN MAI

A cikin inji akwai ƙarafa da ke gugar juna sau dubbai a minti ɗaya. Baƙin mai shi ke shiga tsakaninsu ya hana su cin juna. Yana kuma kwashe zafi, yana wanke dattin da ƙonewar fetur ke bari. Yawancin baburan karkara ba su da lagireto, iska da baƙin mai ne kawai ke sanyaya su. Bayan haka, a babura irin su Bajaj Boxer da Honda CG125, mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, kuma duka-duka bai wuce lita ɗaya ba. Saboda haka yana saurin gajiya fiye da na mota.

DAMINA DA RANI

Kogin Haɗeja yana samun ruwansa daga kogin Kano da na Challawa. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, amma duk da haka ruwa na cika fadama a watannin Agusta da Satumba. A ambaliyar 2020 da ta 2022 hanyoyi da dama sun yanke a Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja da Guri, masu babura suka riƙa kutsawa cikin ruwa. Idan inji mai zafi ya shiga ruwa yakan huce farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwa ta ƙaramin tiyon da yake numfashi da shi, ko ta akwatin matacin iska. Mai da ya haɗu da ruwa yakan koma fari-fari kamar shayi da madara. Irin wannan mai ya mutu, ko da jiya aka zuba shi.

Da rani kuma matsalar ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ta, a hanyoyin burji kuwa ba ta yankewa. Ƙurar da ta wuce matacin iska tana zama kamar yashi a cikin mai, tana cin fistin da zobbansa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, mai ya tsinke, ya riƙa raguwa da sauri.

WANE MAI, KUMA YAUSHE?

Kafin a sayi mai, a karanta jikin robar. Lambar da ta dace da yawancin ƙananan babura a ƙasa mai zafi ita ce 20W-50. A nemi alamar 4T, da kuma JASO MA ko MA2, wato shaidar da ke nuna man ba zai sa kuloci santsi ba. Wasu mayukan mota na da sinadarin da ke ƙara sulɓi, wanda ke sa kulocin babur ya riƙa zamewa. A tabbata murfin robar a liƙe yake. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba a san asalinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Araha ba ta ado.

Sabon babur ana yi masa juyen farko tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, domin fitar da garin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Bayan nan littafin da ke zuwa da babur ya faɗi tazarar da za a bi. Amma wannan lissafi na hanyar kwalta ne. Mai bin hanyar fadama da kaya masu nauyi, gara ya raba tazarar biyu. Wanda agogon babur ɗinsa ya mutu, ya riƙa zaro ma'aunin mai kowace safiya. Idan man ya yi baƙi ƙirin, ko ya tsinke kamar ruwa, ko yana warin fetur, ko an ji tsakuwa-tsakuwa a tsakanin yatsu, lokacin juye ya yi.

YADDA AKE JUYE

Kayan da ake bukata su ne sabon mai, da sifana daidai notin, da tsohon kwano mai faɗi, da mazurari, da tsumma mai tsabta, da ɗan kananzir. A babura da yawa notin juye na cin sifana mai lamba 17, na Honda CG125 kuwa lamba 24.

1. A tayar da babur ya yi minti uku zuwa biyar, sannan a kashe. Mai ɗumi ya fi saurin fita, yana kuma tahowa da datti.

2. A kafe babur a kan jak na tsakiya a wuri mai shafe, nesa da murhu da yara. A goge kewayen murfin mai da na notin, don kada ƙasa ta faɗa ciki.

3. A ajiye kwano a ƙarƙashin inji, a buɗe murfin sama, sannan a kwance notin ƙasa a hankali. A kula da hannu, man na iya ƙuna.

4. A bar shi ya tsiyaye sarai. A karkata babur dama da hagu don ragowar ta fito.

5. A dubi abin da ya fito. Idan akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da yawa, wani abu na ci a ciki, sai a nemi bakanike.

6. Wasu babura na da 'yar rariya da waya mai lanƙwasa a bayan notin. A lura da yadda suke zaune kafin a cire, a wanke rariyar da kananzir, a bar ta ta bushe, a mayar yadda take.

7. A mayar da noti da wosharsa. A fara murɗawa da hannu, sannan a ƙarasa da sifana. Kada a taka sifana da ƙafa. Jikin inji alminiyam ne, idan zarensa ya cinye gyaran ya fi kuɗin mai nesa ba kusa ba.

8. A zuba sabon mai daidai adadin da littafi ya faɗa. A wasu babura an rubuta adadin a jikin inji kusa da murfin. Cikawa fiye da kima na sa hayaƙi da yoyo.

9. A tayar da inji ya yi minti biyu ba tare da murza totur ba, a kashe, a jira kaɗan, a auna. Man ya tsaya tsakanin zane biyu na ma'aunin. A baburan Honda da masu kama da su, ɗora ma'aunin ake yi a bakin ramin, ba a murɗa shi ciki. A leƙa ƙasa ko akwai ɗiga.

Daga ƙarshe a rubuta ranar da aka yi juye da lambar da agogo ya nuna a ɗan littafi, ko a jikin bangon zaure.

IDAN BABUR YA MUTU A CIKIN RUWA

Babban kuskure shi ne buga kik nan take. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya shiga ɗakin fistin aka tilasta inji ya juya, ƙarfen da ke riƙe da fistin na iya lanƙwashewa. Sai a tura babur zuwa tudu, a cire fulogi, a zubar da ruwan akwatin matacin iska, a kwance ƙaramar kusar da ke ƙasan kafireto don ruwa ya fita, a ɗaga gaban babur salansa ta tsiyaye. Sannan a buga kik sau da yawa ba tare da fulogi ba har feshin ruwa ya daina fitowa. A juye mai a ranar. Idan sabon ya sake yin fari bayan 'yar tafiya, a sake juyewa. Kuɗin lita biyu bai kai na sabon inji ba.

SAURAN MAI DA RUWA

Babura masu hayaƙi irin su Jincheng AX100 mai iri biyu suke sha. Akwai 2T da ke ƙonewa tare da fetur, wanda ba a juye shi sai dai a ƙara, kuma idan ya ƙare inji na iya kamewa a kan hanya. Akwai kuma man giya, wanda shi ake juyewa.

Man birki: babur mai birkin waya ba ya bukatarsa. Mai birkin faifai kuwa yana da ɗan kofi a kan hannu, an rubuta DOT 3 ko DOT 4 a murfinsa. Wannan mai yana shan danshi, don haka ake sake shi duk shekara biyu. Kada a kuskura a zuba baƙin mai a madadinsa, yana kumbura robobin birki. Tunda rai ke kan birki, wanda bai iya fitar da iska daga tiyo ba ya bar wa bakanike.

Ruwan batir: batir mai murafu ana ƙara masa tataccen ruwan batir zuwa zanen sama. Ruwan rijiya ko na kogi na kashe shi. Batirin da aka liƙe ba a buɗe shi.

Sarƙa: bayan bin ruwa ko taɓo a wanke ta da kananzir, a ɗiga mata man giya mai kauri, a goge ragowar don kada ta tara yashi.

Shokozoba ta gaba: idan mai na tsatsowa a jikin sandunan, robar ta mutu. A gyara da wuri kafin man ya gangara kan birki.

Matacin iska: na soso ana wanke shi da kananzir, a matse, a shafa masa ɗan mai. Na takarda ba a wanke shi, sai dai a kaɗe ko a sake.

INA ZA A KAI TSOHON MAI?

Ba a zuba shi a kwata ko kududdufi ko kusa da rijiya. A fadama duk abin da aka zubar a ƙasa, damina za ta kai shi kogi. Mai yakan shimfiɗu a saman ruwa ya hana iska shiga, ya cutar da kifi da tsuntsayen da ke sauka a dausayin Baturiya, ya kuma bi ruwan ban-ruwa zuwa gonakin shinkafa da tattasai. Haka nan ba magani ba ne. Shafa shi a gyambon jaki ko ƙazuwar akuya, balle a jikin yaro, ganganci ne, domin akwai guba a cikinsa. A zuba shi a galan mai murfi, ba kwalbar lemo ba, a kai wa masu gareji da ke tara shi. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Mai babur da ya saba zaro ma'aunin mai kowace safiya, da kuma duk lokacin da ya tsallake ruwa, ya tsare jarinsa da abincin iyalinsa. Allah ya kiyaye hanya, amin.