Gyambon da ya kai ƙashi ba aikin maɗori ba ne

A gonakin masara da auduga na Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi, raunin ƙafa abin yau da gobe ne: ƙaya, tushiyar kara bayan girbi, kaifin fartanya. Yawanci yakan warke. Wanda ya yi zurfi kuwa yakan kai ƙwayoyin cuta har cikin ƙashi, a yara ma, musamman masu sikila, ta jini suke bi ko da babu rauni. Daga idon sawu zuwa yatsu ƙasusuwa 26 ne da gaɓoɓi 33 a cunkushe, saboda haka mugunya ba ta jimawa take shiga gaɓa, ta cinye guringuntsi, jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar su saki. Sai tafin ƙafa ya baje ko ya karkace, idon sawu ya riƙa gocewa, manomi ya kasa tsayuwa a kan kunyar gona. Guringuntsin da ya lalace kuma ba ya dawowa.

Za a ce maɗora sun ɗora karaya ba adadi an miƙe. Haka ne, amma karaya ƙashi ne mai rai da ya rabu, wannan kuwa ƙashi ne ke ruɓewa. Ɗaure kumburarriyar ƙafa da karare matse hanyar jini ne, alhali jinin ne ke kai magani wurin. Kafson kemis na kwana 3 ma zafi kawai yake kwantarwa, domin ciwon ƙashi na neman magani na mako 4 zuwa 6, kuma ɓangaren da ya riga ya mutu sai tiyata ta cire shi.

Hujjar ƙin zuwa asibiti da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da lokaci, don ba wanda ke son barin gona a tsakiyar damina. Sai dai wanke rauni a Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi a makon farko bai kama ƙafar abin da za a kashe a asibitin Shika ko Asibitin Ƙashi na Dala ba in gaɓa ta rushe, kuma yanke ƙafar da ake tsoro jinkiri ne ya fi jawo shi. Kada hoton ƙashi na farko ya ruɗi kowa, yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ɓarnar ta fito. Mai ciwon suga kuwa, wanda ƙafarsa kan daina jin zafi, ya riƙa duba tafinta kullum da yamma, in ya ga kumburi, ɗumi ko gyambo mai ruwa, ya daina taka ta, ya nufi asibiti.