Albaras ba kuturta ba ce: sojojin jiki ne ke kuskure

Ƴan uwa mata, a kasuwannin Magarya da Dungas mukan ga mace da farin tabo a fuska ko a hannu, fari fat kamar nono. Sai ka ji ana raɗa: kuturta ce, ko sammu ne, ko ta ci kifi da nono. Daga nan a daina sayen furarta, ta kasa zubin asusu, wani lokaci har aure ya mutu. Wannan ciwo shi ne albaras, likitoci na ce masa bitiligo, kuma yana samun kusan mutum 1 cikin 100 a duniya.

A cikin fatarmu akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu rina ta, kamar marina a bakin karofi. Rinin da suke yi ana kiransa melanin, shi ke ba mu launi, ya kuma kare mu daga rana. A cikin jini kuma akwai fararen ƙwayoyi, sojojin jiki, masu yaƙar cuta. Ga mai albaras, wani rukuni na sojojin nan, ƙwayoyin T, sai su ɗauki marinan a matsayin abokan gaba, su kashe su. Inda marina suka ƙare, fata ta yi fari. Tun da babu wata ƙwayar cuta da ta shigo daga waje, ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ko gaisawa, ko kwanciyar aure.

Wasu sojojin kan zauna a wurin tabon ba su tashi, shi ya sa farin kan dawo bayan an bar magani. Ƙuna, yanka ko gugar fata na iya jawo sabon tabo, don haka kada a yi tsaga, kada a shafa mai ɗin bilicin.

Yaya za mu bambanta? Tabon kuturta ba ya yin fari fat, kuma in an taɓa shi da auduga mai shi ba ya ji sosai. Mai albaras tana jin taɓawa daidai. Kyasbi kuwa yana da ɗan gari-gari in an kankare. Amma hukunci na likita ne: a fara da CSI mafi kusa, in da buƙata a tura mutum babban asibitin Damagaram. In ma kuturtar ce, maganinta kyauta ne, kuma ana warkewa.

Akwai man shafawa da likita ke rubutawa don kwantar da sojojin. Launi kan dawo ɗigo-ɗigo daga gindin gashi, cikin watanni. Fuska ta fi saurin amsawa, yatsu sun fi wuya. A riƙa rufe tabon daga zafin rana, don yana saurin ƙonewa.

Ranar 25 ga Yuni ce ranar albaras ta duniya. Kafin ta zo, kowace ƙungiya ta karanta wannan bayani a taron zubi. In akwai mai shi a cikinmu, mu saya a wurinta a gaban jama'a, mu ci tare da ita.