Shehu Abdullahi: Daga Sakkwato zuwa Gasar Cin Kofin Duniya

Ga matasan Madawa da Buza da Keita da ke taka leda a filayen makarantu bayan la'asar, ɗan wasan da tarihinsa ya fi kusa da halinsu shi ne Shehu Abdullahi, wanda aka haifa a Sakkwato ranar 12 ga Maris 1993, domin Sakkwato gari ne da mutanen jihar Tawa ke shiga ta Birnin Ƙonni da Illela don fatauci da cirani da neman ilimi, kuma harshe da tarbiyya duk ɗaya ne. Abin lura a tarihinsa shi ne bai fita ta hannun wata makarantar ƙwallo ta Turawa ba, gasar cikin gida ce ta fito da shi, kuma sai da ya kafa suna a cikinta kafin ya ƙetare.

Ya fara wasan ƙwararru, wato wasan da ake yi bisa kwantiragi da albashi, a Plateau United ta Jos, daga nan ya koma Kano Pillars, mai kirarin Sai Masu Gida, a daidai lokacin da take tashe, kasancewar ta lashe gasar Firimiyar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata horo ne mai zaman kansa, saboda 'yan kallon Kano ba sa yi wa ɗan wasa uzuri, kuma wanda ya saba da ihunsu da wuya wani fili ya razana shi. A can ne aka gane baiwar da ta riƙe shi tsawon shekaru, wato iya tsayawa a gurbi fiye da ɗaya: yana buga baya ta dama, yana kuma buga tsakiya a matsayin mai tare hari kafin ya isa ga 'yan baya. Irin wannan ɗan wasa ba kasafai ake rubuta sunansa a kanun labarai ba, amma mai horarwa da aka ƙayyade wa yawan 'yan wasa a gasa yana ganinsa tamkar mutum biyu.

Bayan ya halarci gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Turkiyya a 2013, mai horarwa marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi gasar CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu. CHAN gasa ce da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta fara a 2009 domin 'yan wasan da ke bugawa a ƙasashensu kaɗai, kuma mutanen Nijar sun san darajarta, tunda Mena ta fitar da Najeriya a wasannin share fage ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Sudan a 2011. A 2014 Najeriya ta farfaɗo daga ci uku da nema ta doke Maroko da ci 4 da 3, ta kuma ƙare a matsayi na uku, kuma a wannan shekarar ce Shehu ya koma Qadsia ta Kuwait. Daga can ya bi ta União da Madeira ta Fotugal, da Anorthosis ta Saifurus, da Bursaspor ta Turkiyya a farkon 2018, da Omonia ta birnin Nikosiya, inda ya ɗauki kofin gasar Saifurus a 2021, sannan Levski ta birnin Sofiya a Bulgeriya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke sahun ƙungiyoyin da ake cika gidajen kallo dominsu, kuma Madeira da Bursaspor duk sun faɗa ƙaramin rukuni yana cikinsu, amma wannan ita ce ainihin rayuwar mafi yawan 'yan Afirka da ke wasa a Turai: gajeren kwantiragi, sabon harshe bayan kowace shekara biyu, da neman gurbi daga farko.

A rigar ƙasa ne sunansa ya fi fitowa. A wasannin Olamfik na Rio a 2016, inda doka ta tanadi 'yan ƙasa da shekara 23 tare da manya uku, tawagar Najeriya ta mai horarwa Samson Siasia, wadda Shehu ke ciki, ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ba ta sauka Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin wasanta da Japan, duk da haka ta yi nasara da ci 5 da 4. Ta ƙare da lambar tagulla bayan doke Honduras da ci 3 da 2, ƙwallaye biyu daga Umar Sadiq, ɗaya daga Aminu Umar, kuma ita ce lamba ɗaya tilo da Najeriya ta samo a Rio baki ɗaya. Ranar 7 ga Oktoba 2017 kuma, a Uyo, Shehu ya sheƙa ta gefen dama ya karɓi ƙwallo daga Victor Moses, ya mayar da ita baya a ƙasa zuwa ƙafar Alex Iwobi, wanda ya zura ƙwallon da ta kayar da Zambiya ta kai Najeriya gasar cin kofin duniya a Rasha.

Wata guda bayan haka sunansa ya shiga wata taƙaddama da ba shi ya haddasa ta ba. Dokar FIFA ita ce duk wanda ya karɓi katin gargaɗi biyu a wasanni daban-daban na share fage ba zai buga wasa na gaba ba, kuma Shehu ya riga ya karɓi ɗaya tun karawa da Swaziland a 2015, ya ƙara na biyu a wasan Zambiya, amma aka saka shi a wasan Aljeriya a Constantine, wanda aka tashi ɗaya da ɗaya. FIFA ta mayar da sakamakon 3 da nema, ta ba Aljeriya, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon Najeriya. Lissafin katuna aikin ofis ne, kuma da ba don Najeriya ta riga ta ba Zambiya tazara ba, da sakacin ma'aikata ya ɓarar da gumin 'yan wasa na shekara biyu.

A Rasha ya buga wasan farko da Kuroshiya, wanda aka ci Najeriya biyu da nema, daga nan mai horarwa Gernot Rohr ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku ya ba Moses gefen dama, sai Shehu ya koma benci. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar ya ji rauni tun wasan farko da Burundi, ko da yake tawagar ta sake ƙarewa ta uku. Bayan Bulgeriya ya dawo Kano Pillars, kamar yadda Ahmed Musa ma ya yi.

Iyaye a jihar Tawa da kewaye, waɗanda wani dillali zai iya zuwar musu da alkawarin kai yaro gwaji Turai in an sayar da gona ko bisashe, ya kamata su san cewa ƙa'idar FIFA ta hana sauya sheƙar yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da aka keɓe, kuma ƙungiyar kirki ita ke biyan kuɗin ɗan wasa, ba iyayensa ke biyanta ba. Shehu Abdullahi yana da shekara 21 lokacin da ya bar Najeriya, kuma ya fita ne da kofin gasar ƙasarsa da lambar CHAN a hannu.