Man Birki Ba Ya Ƙarewa, Zuba Yake Yi

Man birki ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. A kulle yake cikin bututu, tun daga 'yar robar da ke ƙarƙashin kapo har zuwa ƙafafu huɗu. Yakan ɗan sauka kaɗan kaɗan cikin watanni yayin da filaket ke cinyewa, amma duk motar da ake yi wa ƙari mako mako, akwai inda take zubar da shi. Ga shi kuwa ba a rasa direban da ke ajiye kwalba a motarsa, ya tsiyaya kaɗan da safe, ya ce ai an gyara.

A Yamai, babu inda wannan ganganci ya fi ban tsoro kamar kewayen kasuwar Petit Marché. Tun bayan gobarar da ta ci kasuwar a 2012, masu kayan miya da na marmari suka bazu a bakin titunan unguwar. Ga masu baro, ga babura, ga taksi masu jan kai da ke tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, sannan ga gangaren da ke sauka zuwa gadar Kennedy. Ƙafar direba ba ta barin birki a nan, kuma tsakanin hancin mota da mai tallan tumatir wani lokaci taku biyu ne.

Gano yoyon ba ya bukatar na'ura. A kashe mota, a taka birki sau uku ko huɗu, sannan a danne shi da ƙarfi na rabin minti. Lafiyayyen birki zai tsaya cak. Idan ƙafa tana nutsewa a hankali har ƙasa, mai yana sulalewa ta wani wuri. Idan kuma ya yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga. Daga nan sai a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Man birki fari ne mai ɗan rawaya, yana duhu in ya tsufa, yana da santsi a yatsa, kuma yana cin fenti.

Inda ɗigon ya faɗi shi zai tona asiri. Jiƙa a cikin taya ta baya, da ƙura ta manne ta yi baƙi a jikin tambur, alama ce robar ƙaramar silindar ƙafa ta mutu. A gaba, sai a murza sitiyari har ƙarshe a leƙa tiyon roba da ke bin taya: zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, da ramukan hanya suna sa shi tsattsagewa ko kumburi. Ɗigo a tsakiyar mota kuwa bututun ƙarfe ne. Yawancin motocinmu tsofaffin Turai ne da suka sauka ta tashar Kwatano ko Lome, sun sha gishirin da ake barbaɗa wa hanya a lokacin ƙanƙara, tsatsa ta ci su ta ƙasa tun kafin su ga Nijar. Wanda ya fi yaudara shi ne babban famfon da ke gaban direba. Yana iya yoyo ta baya, man ya shige cikin gangar sabo (servo) da ke bayansa ba a ga ko ɗigo a ƙasa ba. Yana iya lalacewa ta ciki ma, ƙafa na nutsewa alhali roba a cike take.

Gyara ɗaya ne: abin da ya fashe a sauya shi. In aka taka birki da gaske, matsin da ke cikin bututun nan yana kaiwa bar 100, alhali iskar taya ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. Wace robar tub ko gam ce za ta riƙe wannan? Wasu makanikai na dake bututun ƙafar da ke yoyo da guduma, mota ta koma tsayawa da ƙafa uku, ranar da aka taka da ƙarfi ta fizge gefe guda. Wasu na zuba ruwan omo, wasu man giya ko baƙin mai, wanda ke kumbura duk wata roba da ke cikin birkin. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado. Wanda zai shiga kasuwar Katako neman kayan gyara, to tiyo da robobin birki ya sayi sababbi, ya bar na hannu ga fitila da madubi. Filaket ko takalmin tambur da ya sha mai shi ma ya tashi aiki, kuma hagu da dama ake sauyawa tare.

A duba murfin robar, an rubuta irin man da motar ke so, galibi DOT 3 ko DOT 4. Kada a haɗa su da DOT 5, jinsinsu daban. Man nan yana tsotsar danshi daga iska: sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 140, birki ya ɓace a tsakiyar gangare. Shi ya sa kwalbar da aka buɗe tun bara ba abin dogaro ba ce, kuma ake so a sauya man gaba ɗaya duk shekara biyu.

Saura fitar da iska, aikin mutum biyu. Maigidan gareji na kwance a gindin taya da sifana da siririn tiyo cikin kwalba, yaron gareji na kan kujerar direba. "Taka! Riƙe!" Maigida ya kwance ƙusar, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Saki!" Haka za su yi ta yi, yawanci daga ƙafar da ta fi nisa da famfo, ana ƙara mai kada roba ta bushe, har kumfa ta ɗauke. Kafin a biya kuɗi, mai mota ya zauna da kansa ya sake danne birki na rabin minti, ya leƙa kowace mahaɗa ya ga ta bushe, sannan ya gwada tsayawa a fili, ba a cikin cunkoson kasuwa ba.