Busasshen burodi a cikin talo-talo: girkin bikin godiya na Amurkawa

Kowace shekara, ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, ofisoshi da makarantu a Amurka suna rufe ƙofofinsu domin bikin godiya. Shugaba Abraham Lincoln ne ya mai da shi hutun ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisar dokoki kuma ta tsai da ranar a 1941. Talo-talo ake gasawa, amma sau da yawa abin da aka cusa masa a ciki shi ne ke fara ƙarewa a kan tebur. Asalinsa kuwa burodin da ya kwana.

Uwargida takan yanka wajen rabin kilo na burodi gutsi-gutsi, ta shanya shi kwana ɗaya ko biyu, ko ta busar da shi cikin tanda da wuta kaɗan. Nan ne gwaninta take. Sabon burodi yana da danshinsa. In aka zuba masa romo sai ya caɓe ya zama kamar kunu. Busasshe kuwa yana shanye romon kaza da man shanu, amma bai narkewa. Sai a soya albasa da seleri, a sa gishiri da masoro da ganyaye masu ƙamshi, a haɗa da burodin, a riƙa zuba romo kaɗan-kaɗan har ya jiƙa. Wasu kan fasa ƙwai biyu don ya kama jiki.

A jihohin kudu da burodin masara ake yi. Wasu gidajen kuma suna sa naman alade, don haka ɗan kasuwarmu da aka gayyata a New York ya tambaya kafin ya sa hannu.

Tun 1972 kamfanin General Foods ya fito da Stove Top, haɗin cikin kwali wanda ake dafawa cikin ƴan mintoci. Ya samu kasuwa ƙwarai. Sai dai a ganinmu, sayen busasshen burodi da tsada alhali ga na jiya a kwando, wannan ciniki ne da mai sayarwa kaɗai ke dariya.

Babbar gardamar ita ce: a cusa shi cikin tsuntsun, ko a gasa shi dabam? Masu bin al'ada sun ce kitsen naman ne ke ba shi daɗi, kuma sun yi gaskiya. Amma burodin yana tsotse ruwan ɗanyen nama, wanda kan ɗauki ƙwayar salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi, wuta kuma ba ta isa tsakiyar cikin sai daga ƙarshe. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce tilas zafin tsakiyar haɗin ya kai digiri 74, kuma kada a cusa shi sai lokacin da za a sa tsuntsun a wuta. Kafin ya kai haka, ƙirjin talo-talon yakan bushe. Shi ya sa gidaje da yawa suke zuba haɗin cikin faranti mai zurfi, su gasa shi minti 45 a digiri 180, samansa ya yi ƙamas-ƙamas, ƙasansa da laushi.

Masu gasa mana rago cike da kuskus a ranakun biki su ma wannan lissafi ya shafe su, domin cikin rago ya fi na talo-talo zurfi.