Sojan Da Ya Ƙaurace Wa Aiki A Amurka: Yadda Ake Neman Gyaran Takardar Sallama

A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Konni zuwa Ɗan Isa, daga Gaya zuwa Magarya, ba abin mamaki ba ne ka tarar da ɗan kasuwa mai ɗa ko ƙane a Amurka. Wasu cacar biza ce ta kai su a shekarun baya, wasu kuma fatauci ne ya zaunar da su a birnin Niyok ko garin Greensboro, inda ƴan Nijar suke da yawa. Da yake dokar ƙasar ta yarda mai katin zama na dindindin ya shiga aikin soja ko bai zama ɗan ƙasa ba, akwai ƴaƴanmu da suka sa kaki a can. To sai dai soja ba ya zo ɗaya da fatauci, inda mutum zai rufe shago ya zo gida ta'aziyya ya koma ranar da ya ga dama. Wanda ya wuce ranar komawa bariki ba da izini ba ya aikata laifi, kuma laifin yakan bi shi a takardar sallamarsa har tsufa. Abin da muke son masu karatu su sani shi ne, ana iya neman a gyara wannan takarda, kuma sau da yawa shaidar da za ta taimaka tana hannun dangi a nan gida.

Fashin aiki da gudun soja

Dokar ladabtar da sojojin Amurka ta shekarar 1950 ta raba laifin gida biyu. Sashe na 86 ya shafi wanda ya ƙaurace wa wurin aikinsa ba izini, shi kuwa sashe na 85 ya shafi wanda ya gudu da niyyar ba zai dawo ba, ko ya gudu don kauce wa aiki mai haɗari. Na biyun ya fi nauyi, domin a lokacin yaƙi hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa, ko da yake rabon da a kashe sojan Amurka kan wannan laifi tun watan Janairun 1945, lokacin da aka harbe Eddie Slovik a Faransa. Idan soja ya cika kwana 30 a jere ba a gan shi ba, akan cire sunansa daga rajistar rundunarsa, a kuma ba ƴan sanda sammacin kama shi.

Galibin irin waɗannan shari'o'i ba sa kaiwa gaban kotun soja. Akan ba mutum zaɓi ya nemi sallama a maimakon shari'a, shi kuma don tsoron kurkuku sai ya sa hannu cikin gaggawa. Daga baya ne yake gane nauyin abin da ya karɓa.

Sallama iri biyar

Sojan da ya bar aiki akan ba shi takarda mai lamba DD-214, wadda ke nuna yadda ya rabu da rundunar. Ta farko ita ce sallamar girmamawa. Ta biyu sallama ce ta gama-gari, wato an yi aiki amma da ɗan tabo. Ta uku ita ce sallamar da ba ta girmamawa ba, kuma ita aka fi ba wanda ya daɗe bai koma bariki ba. Sauran biyun, wato ta mugun hali da ta ƙasƙanci, kotun soja kaɗai ke yanke su.

Bambancin nan ba na suna ba ne kawai. Kuɗin karatun jami'a da gwamnati ke biya wa tsofaffin sojoji sai mai sallamar girmamawa ke samu. Mai ta uku kuwa, sai ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta binciki lamarinsa kafin ta yanke ko zai samu magani da kuɗin naƙasa. Bugu da ƙari, wata doka ta 1977 ta hana waɗannan haƙƙoƙi ga wanda aka yi wa irin wannan sallama saboda fashin kwana 180 a jere, sai fa idan ya nuna cewa larura ce mai ƙarfi ta tilasta masa. Larurar iyali na cikin dalilan da ake dubawa, kuma a 2024 ma'aikatar ta ƙara faɗaɗa wannan rangwame.

Ga baƙo kuma akwai wani haɗarin na daban. A 2002 shugaba George Bush ya sauƙaƙa wa baƙin da ke cikin soja samun takardar zama ɗan ƙasa. Amma tun daga ƙarshen 2003 doka ta ba da damar ƙwace wannan takarda daga wanda aka yi wa sallamar da ba ta girmamawa ba kafin ya cika shekara 5 yana aiki lami lafiya.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

An daɗe ana yaɗa jita-jita a barikoki cewa wai bayan wata 6 takardar kan gyaru da kanta. Wannan magana ba ta da tushe. Sai mutum ya nema, ya kuma kawo hujja.

Ƙofar farko ita ce kwamitin sake duba sallama, wanda doka ta kafa tun daga 1944. Ana cike fom mai lamba DD 293, kuma dole a shigar da shi cikin shekara 15 daga ranar sallama. Kwamitin na duba abu biyu: ko an bi ƙa'ida wajen sallamar, da kuma ko hukuncin ya yi daidai da laifin. Mai ƙorafi na iya neman a yanke bisa takardu kawai, ko kuma a saurare shi da bakinsa. Wannan kwamiti ba shi da ikon taɓa hukuncin babbar kotun soja.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar gyara bayanan soja, wadda aka kafa a 1946, da fom mai lamba DD 149. Nan ne wanda ya wuce shekara 15 yake zuwa. Wa'adinta shekara 3 ne daga ranar da mutum ya gano kuskuren, amma tana da ikon yafe wa'adin idan adalci ya buƙaci haka. Ba a biyan ko dala a kan waɗannan fom, kuma idan tsohon sojan ya rasu, matarsa ko magajinsa na iya nema a madadinsa.

Yaƙin Iraƙi da na Afganistan sun canza yadda ake kallon lamarin. Wani rahoton ofishin binciken gwamnati na 2017 ya nuna cewa cikin sojoji 91,764 da aka kora don rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, kashi 62 cikin 100 likitoci sun riga sun gano suna fama da firgicin bayan yaƙi, ko raunin ƙwaƙwalwa, ko wata larura makamanciyarsu. Tun a 2014 sakataren tsaro na lokacin, Chuck Hagel, ya umarci hukumomin su riƙa sassautawa ga masu irin wannan ciwo. A 2017 aka faɗaɗa umarnin, a 2018 kuma aka ƙara da cewa a duba halin da mutum ya nuna bayan barin aiki.

Abin da ya rage ga dangi

A nan ne maganar ta iso gidajenmu. Kwamitin da ke zaune a Amurka bai san me ake nufi da zaman makoki ko sadakar arba'in ba, bai kuma san nauyin da ke kan babban ɗa ranar da mahaifi ya kwanta dama ba. Takarda kaɗai yake ganewa. Mu kuwa mun saba binne mamaci da rana tsaka mu koma harkokinmu ba tare da mun je ofishin magajin gari an rubuta rasuwar ba. Saboda haka duk gidan da ke da ɗa a cikin kaki ya kamata ya adana takardar rasuwa, da takardun asibiti masu kwanan wata da hatimin likita, da tikitin jirgi, da fasfo mai tambarin shiga da fita. Waɗanda ke cikin Faransanci a kai su ga tafinta mai izini ya mai da su Ingilishi. Haka nan wasiƙar limami ko ta shugaban ƴan kasuwa da ta bayyana abin da ya faru tana da amfani, muddin gaskiya aka rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, domin fayil ɗin sojan na gaban kwamitin, kuma takardar jabu guda ɗaya ta isa ta rusa ƙorafin baki ɗaya.

A kuma yi hattara da ƴan damfara masu cewa a ba su kuɗi suna da hanya a sama. A Amurka akwai ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da sassan koyon aikin lauya na jami'o'i da ke taimakawa kyauta. Aiki ne mai son haƙuri, yakan ɗauki watanni da dama, wani lokaci fiye da shekara, kuma ba kowa ke dacewa ba.

Shi kuwa wanda har yanzu bai koma ba, ba shi da sallamar da za a gyara tukuna, sammaci ne ke jiran sa. Dokar ta fi sassauci ga wanda ya miƙa kansa a kan wanda aka kamo, don haka ya nemi shawarar lauya ya koma da ƙafarsa.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Sojan Amurka na da hutun kwana 30 a shekara, akwai kuma hutun gaggawa idan aka yi rasuwa ko ciwo mai tsanani a gida, wanda ƙungiyar agaji ta Red Cross ke tantancewa ta isar wa kwamandansa. Idan yaro ya zo ta'aziyya ya ce ranar komawarsa ta yi, kada a riƙe shi da cewa ya tsaya a yi arba'in ko a raba gado. A sa masa albarka a raka shi tasha. Allah ya tsare mana zuri'a a duk inda suke, amin.